A Gina wa Ɗalibanmu Ɗaki, Kada a Gina Musu Tanderu

'Yan uwa malamai da iyalanmu, akwai wata al'ada da ta zauna daram a manyan makarantun ƙasar nan, har ta kai ba a ganin muninta. Duk ranar da aka ce za a gina ɗakunan kwanan ɗalibai, abin da ke fara isa wurin shi ne katafila. Kafin a haƙa harsashi ko a sauke bulo ɗaya, sai ta bi filin ta kwantar da maɗaci da ɗorawa da tsamiya da darbejiya, ta bar wuri fayau kamar masussuka. Daga nan a jera akwatunan siminti, a rufa musu kwano, a shafa fenti, a kira manyan baƙi su yanke ƙyalle. Bayan an watse sai a dasa 'yan furanni a bakin ƙofa, awaki su cinye kafin wata ya zagayo. Wannan shi ake kira ci gaba, alhali ɓarna ce, kuma 'yan ƙungiyarmu na cikin waɗanda ke biyan kuɗinta da lafiyarsu da aljihunsu.

Wani zai ce ina ruwan ƙungiyar malamai da ɗakin kwanan ɗalibai. To, a duba su wane ne ɗaliban digiri na biyu da na uku a jami'o'inmu. Da yawansu mu ne: malamin sakandare da ya samu hutun ƙaro ilimi, malamar firamare da ta zo neman babbar difloma da goyo a bayanta, ƙaramin malamin jami'a da ba za a ƙara masa girma ba sai ya kammala. Mutane ne masu aure da 'ya'ya, masu albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Wanda bai samu gado a cikin makaranta ba dole ya kama haya a gari, ya biya kuɗin shekara a dunƙule, ya sayi ruwa wurin 'yan garuwa, ya biya kuɗin mota safe da yamma. Saboda haka buƙatar ɗaki gaskiya ce, kuma mu ne kan gaba wajen nemansa. Abin da muka ƙi yarda da shi shi ne a ce mana sai mun zaɓa tsakanin gado da inuwa.

Mu ɗauki Samaru a matsayin misali, domin babu malamin Arewa da bai san ta ba. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana zaune ne a cikin itatuwa. Wanda ya taɓa shiga harabarta da tsakar ranar bazara ya san bambancin iskar ciki da ta bakin titin Sakkwato. Wasu itatuwan an tarar da su a wurin, wasu kuwa mutanen da suka riga mu ne suka dasa, suka yi musu ban ruwa, alhali sun san ba su ne za su sha inuwarsu ba. Ƙasar da itatuwan ke riƙe da ita tana gangarawa zuwa madatsar Kubanni, inda jami'ar ke ɗiban ruwan sha. Idan aka tsiraita irin wannan gangare, ruwan sama zai kwashi ƙasa ya zuba cikin madatsa, ta cike da laka, ruwan da take riƙewa ya ragu. Wato itacen da aka sare a kan tudu, a famfo ake jin rashinsa. Haka lamarin yake a kowace makaranta mai itatuwa, babba ko ƙarama.

Lissafin ma a fili yake. Ana iya kammala ɗakin kwanan ɗalibai cikin shekara ɗaya ko biyu. Maɗacin da zai rufe gini da inuwa kuwa sai ya shekara gommai. Wanda ya sare itace mai shekara hamsin ya dasa tsiro, ya ce ya maye gurbi, ya ci bashin shekara hamsin ne ya bar wa jikokinmu biya. Abin takaici, a ƙasar da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ƙasar da ke kashe kuɗi tana dasa itace a jihohi 11 na Arewa don tare hamada, a nan ne kuma ake kayar da manyan itatuwa a cibiyoyin da ke koyar da ilimin gandun daji.

Me ya sa ake yin haka? Domin ya fi wa ɗan kwangila sauƙi. Fili fayau ba ya buƙatar tunani. Akwai zanen gini guda ɗaya a cikin durowa, wanda aka yi amfani da shi a can aka kuma yi a nan, sai a ɗauko a dasa shi ko'ina, ba a duba inda rana ke fitowa ba, ba a duba inda iska ke kaɗawa ba. Inda kuma aka bai wa ɗan kasuwa fili ya gina, ya karɓi haya na wasu shekaru sannan ya miƙa wa makaranta, lissafinsa a kan yawan gadaje yake. Ba shi zai kwana a ɗakin ba a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haye digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga yadda irin wannan ɗaki ke zama tanderu. Kwano yana shan rana tun hantsi, ya sauke zafinsa kan silin. Bangon bulo mai fuskantar yamma yana tara zafin la'asar, ya riƙa sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare. Ɗakuna biyu suna fuskantar juna da siririn lungu a tsakani, kowanne da taga ɗaya, iska ba ta da hanyar shiga ta fita. Sai a ce fanka za ta magance, ko na'urar sanyaya ɗaki. Da wace wutar? Tun watan Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane ma'auni, jami'o'in ƙasar nan ke kokawa da takardar kuɗin lantarki. Ginin da ba ya zaunuwa sai da wuta ya zama nauyi a wuyan makaranta har ƙarshen ransa, kuma a ƙarshe nauyin kan ɗalibi yake sauka, ta hanyar ƙarin kuɗin ɗaki. Jami'ar Bayero ta samu tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a 2019, abin a yaba ne. Amma ko wutar rana tana da iyaka, kuma ba hikima ba ce a ƙona ta wajen yaƙi da zafin da mai zanen gini ya jawo da hannunsa.

Hanyar da ta dace sananniya ce, ba ta buƙatar a yi hayar masani daga ƙetare. A fara da ƙirga itatuwa: kowane babban itace a auna shi, a sa masa lamba, a shigar da shi cikin taswirar fili, sannan a zana gini ya bi tsakaninsu. A gina sama maimakon a bazu, domin ɗaki 120 a hawa uku sulusin ƙasar da za su ci a jere kawai suke ci. A juya dogon gefen ginin ya kalli kudu da arewa, a bar gajerun bangaye su tari ranar safe da ta yamma, a kuma bar itatuwan gabas da yamma su zame musu garkuwa. Kowane ɗaki ya samu taga a ɓangarori biyu, da baranda mai faɗi, da rufi mai rata tsakaninsa da silin domin zafi ya fice ta sama. A lokacin aiki a killace gindin kowane itace har iyakar inda rassansa suka kai, domin saiwa tana tafiya nesa da gindi. Idan tifa ta yi ta bin kanta, ko aka zuba ragowar siminti a wurin, itacen zai tsaya da ganyensa ranar buɗe gini, ya bushe bayan shekara biyu ko uku, a ce ajalinsa ne ya zo.

Haka batun ruwa. Ƙasar Zazzau tana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 500 yana karɓar wajen lita 500,000 a damina. A yanzu wannan ruwa indararo yake bi ya haƙa kwazazzabo a gindin gini, mazauna kuma suna layi da bokiti a bakin famfo. Tankin ƙasa da magudana mai kyau sun isa su mai da asarar nan riba. Ruwan wanka da na wanki ma, idan aka bi da shi ta yashi da tsakuwa, yana shayar da itatuwa da rani.

Sai batun kayan gini, inda raina kai ya fi yi mana illa. An koya mana cewa ƙasa alamar talauci ce, siminti kuwa wayewa. Amma Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19, har yau masana gini na duniya suna nazarinsa. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa da rufi mai rata, ya biyo da gidajen malamai, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar Pritzker, babbar lambar masu zanen gini. A Nijar, Mariam Issoufou ta yi aikin gidaje a Yamai, da masallaci da ɗakin karatu a Dandaji, duk da matsattsen tubalin ƙasa. Katangar ƙasa mai kauri tana jinkirta shigar zafi da rana, tana riƙe ɗumi da daren hunturu. Abin da take buƙata shi ne harsashin dutse ko kankare da zai ɗaga ta daga danshi da gara, da rufi mai faɗin baki da zai kare ta daga feshin ruwa. Sana'ar siminti kuwa ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ga tsadarsa da kowane magidanci ya sani.

Masu ja da mu suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa itatuwa maɓoyar miyagu ce. Ba wanda ya manta da ɗalibai 39 da aka sace a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a watan Maris na 2021, kuma duk uban da ya ji tsoro yana da gaskiya. Sai dai akwai bambanci tsakanin sarƙaƙƙiyar daji da dogayen itatuwa da aka share ƙarƙashinsu aka datse ƙananan rassansu, inda mai gadi ke hangen nesa. Tsaro yana samuwa ne da katanga da fitila da masu gadi, da kuma ajiye ɗakin kwana kusa da tsakiyar makaranta maimakon jefa shi can bakin iyaka. Suna cewa sauro da macizai. Sauro a kwantaccen ruwa yake hayayyafa, maciji kuma a ciyawa da bola yake fakewa, maganinsu shara da gyaran kwata da raga a taga. Suna cewa reshe zai faɗo kan rufi. To, a duba itatuwa kafin damina, a sare wanda ya ruɓe, ba wanda ya hana. Suna cewa za a ɓata lokaci alhali ɗalibai na jira. Ƙirga itatuwa aikin 'yan makonni ne, ginin kuwa za a zauna cikinsa shekara hamsin.

Kada kuma a ce mana kuɗin ba namu ba ne. Asusun da ake kira TETFund a yau ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙulla da gwamnati a 1992, zamanin shugabancin Attahiru Jega, wadda ta haifi dokar harajin ilimi ta 1993. Malamai ne suka yi yajin aiki, aka haramta ƙungiyarsu, aka tsare albashinsu, kafin a samu wannan asusu. Wanda ya sha wuyar haƙa rijiya yana da ikon tambaya ina ake kai ruwanta. Dokoki ma suna tare da mu: akwai dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, akwai kuma ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017. Jami'o'inmu suna da sassan zanen gini da na tsara birane da na gandun daji, cike da malaman da ke koyar da duk abin da aka faɗa a nan. Abin kunya ne a koyar da shi a aji, a jarraba ɗalibi a kansa, sannan a take shi a bayan ajin.

Don haka muna kira ga reshenmu da ya ɗauki matsaya a taronsa mai zuwa. A nemi kujera ga wakilin malamai da wakilin ɗaliban gaba da digiri a kwamitin da ke amincewa da zane, tun kafin a ba da kwangila. A nemi a liƙa taswirar itatuwan fili inda kowa zai gani. A rubuta cikin yarjejeniya cewa duk itacen da aka yi wa lamba ya mutu cikin shekara uku, ɗan kwangila zai biya tara. A ware ɗakuna na masu iyali, da madafa da wurin shanya da inuwar da yara za su yi wasa, domin matar da ke rubuta kundin bincike da jariri a cinya ita ma ɗaliba ce. A kuma bayyana kuɗin wuta da ruwa da ginin zai ci a shekara, a gefen kuɗin gina shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zane yana gyaruwa muddin yana kan takarda, amma idan katafila ta shiga fili, magana ta ƙare. Duk ɗan ƙungiya da ya ji an fara maganar sabon gini a makarantarsa, ya sanar da shugabannin reshe tun a ranar. Allah Ya ba mu ikon barin wa na bayanmu inuwar da muka tarar.