Sharhi: Baƙin fentin roba a ƙarƙashin mota, kariya ne ko rufa-rufa?

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin motocin da ake jerawa a filayen sayar da mota na Sekanji da Ekpe, a wajen birnin Kwatano, zai tarar da wasu an fesa musu baƙin fenti mai kauri kamar kwalta. Dillalai na kiran sa maganin tsatsa, har sukan ƙara kuɗi a kansa. Amma makanikai da masu walda sun rabu gida biyu: wasu na cewa yana tsawaita ran mota, wasu na cewa shi ke cinye ta a ɓoye.

Batun ya shafi aljihun jama'a kai tsaye. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci kimanin miliyan 14, kuma Afirka ce kasuwa mafi girma gare su. Da yawa na sauka a Kwatano da Lome kafin su wuce Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Kano. Najeriya ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa tun Janairun 2017, sannan rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya karkatar da kaya zuwa Lome ta Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, farashi ya hau, don haka kuskuren sayen mota ya ƙara tsada.

Asalin wannan fenti daga ƙasashen sanyi yake. A Kanada da arewacin Amurka da Turai ana barbaɗa gishiri a kan tituna domin narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin na fantsama a ƙarƙashin mota, yana hanzarta tsatsa a shasi da bututun man birki da tankin mai. Matsalar ba ƙarama ba ce: a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ka iya kai dala biliyan 3.4 a Amurka, kan tsatsar shasin motocin Tacoma da Tundra da Sequoia kimanin miliyan 1.5.

Tsatsa na buƙatar abu uku: ƙarfe da ruwa da iska. Aikin fentin roba shi ne shiga tsakaninsu. Idan an fesa shi a kan ƙarfe mai tsabta, busasshe, wanda tsatsa ba ta taɓa ba, yana kare shi daga ruwa da tsakuwa, yana kuma rage ƙarar titi. Shi ya sa kamfanonin ƙera motoci da kansu ke shafa irinsa tun a masana'anta.

Matsalar na farawa ne idan motar ta riga ta sha gishiri na shekara takwas ko goma. Fesa roba a kan tsatsa ba ya kashe ta. Yana rufe danshi da gishirin da ke maƙale, ƙarfe ya ci gaba da ruɓewa ba mai gani. Ko a kan ƙarfe mai kyau, robar kan bushe ta tsage da daɗewa. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Sau da yawa kuma mai feshin kan toshe ƙananan ramukan da aka bari domin ruwa ya tsiyaye daga shasi da ƙofofi, alhali tsatsa mafi haɗari daga ciki take fitowa, inda feshin ba ya kaiwa.

Wurin da motar za ta zauna ma na da tasiri. Ga Hausawan Zangon Kwatano da Lome, da Nima a Akara, da New Bell a Duwala, iskar teku mai gishiri da danshi na ci gaba da aikin da titunan Kanada suka fara. A Agadas ko Tawa kuwa busasshiyar iska na rage wa tsatsa gudu, sai dai zafin rana da tsakuwar hanyoyin burji na fasa robar da wuri. Damina ma ba a bar ta baya ba: ambaliyar da ta mamaye sassan Injamena a 2022 da Maiduguri a Satumban 2024 ta bar motoci cikin ruwa da laka, kuma laka na riƙe danshi tsawon makonni.

Akwai wata hanyar da masu gyara a ƙasashen sanyi suka fi ba da shawara ga tsohuwar mota: feshin mai ko kakin da ba ya bushewa. Yana kutsawa cikin lungunan ƙarfe, yana korar ruwa, kuma ba ya ɓoye lahani. Aibinsa shi ne yana jan ƙura, kuma sai an sabunta shi kusan duk shekara. Baƙin man inji da wasu ke shafawa ba madadinsa ba ne, domin yana lalata robobin ƙafa, yana kuma gurɓata ƙasa.

Saboda haka sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota tambaya ce da mai saye ya kamata ya yi wa dillali. A ɗora motar kan rami, a ƙwanƙwasa shasin da ƙaramar guduma, a danna wuraren da fentin ya kumbura da sukundireba. Ƙarfe mai lafiya na amsa amo, ruɓaɓɓe kuwa na lotsawa. A duba bututun birki da wurin da ƙafafu suka haɗu da shasi, domin nan ne tsatsa ke zama barazana ga rayuwa, musamman a motar haya mai ɗaukar kaya fiye da kima. Dillalin da ya ƙi a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.