Wanda Muke Wa Kallon Bai Samu Likitanci Ba

A Daura, idan yaro ya ce ilimin ƙananan halittu yake karantawa a jami'a, sai mu ce Allah sarki, bai samu likitanci ba. Idan ya zarce har digirin digirgir yana binciken bakteriya, sai mu tambaye shi yaushe zai nemi aikin kirki. Wannan rainin namu rayuka muke biya da shi.

Mu dubi halinmu. Zazzaɓi kaɗan, mun tafi kemis a ba mu Ampiclox ko Septrin na kwana biyu. Da mun ji sauƙi, sai mu ajiye sauran don wani. Mai talla yana yawo da kafso a faranti cikin rana. Mai kiwo ya sayi allura a kasuwar Mai'aduwa ya tsira wa saniya da hannunsa, gobe a tatsi nononta a kai gari. Kowane rabin magani yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ne, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, tun 1945 ya yi gargaɗi a kan haka.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da suka bijire wa magani, kuma yammacin Afirka ne kan gaba a yawan mace-macen gwargwadon jama'a. Mu ke nan.

To wa zai faɗa wa likita maganin da har yanzu yake ci a Zango ko Ɓaure? Wanda muka raina ɗin. Shi ke ɗaukar jini ko fitsari, ya rene ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, ya gwada ta da magunguna ɗaya bayan ɗaya. In babu shi, likita kintace kawai yake yi. Farfesa Iruka Okeke ta Jami'ar Ibadan a kan wannan aiki ta yi suna a duniya.

Za a ce bincike na masu kuɗi ne, mu ta abinci muke. Amma talaka ne yake sayar da akuyarsa ya sayi magani kala uku da ba sa aiki.

Mun samu kwalejin fasaha da jami'ar sufuri, mun gode. Yanzu masarauta da attajiranmu su ɗauki nauyin ɗalibanmu masu wannan bincike a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ta Dutsin-Ma, gwamnati kuma ta wadata ɗakunan gwajin asibitocinmu da wuta da kayan aiki. Mu kuma mu daina shan magani ba gwaji.