Da wace tiya ake auna basirar yaron Rumbu?

Maganar IQ, ko QI kamar yadda ƴan lakwal ke cewa, ta cika wayoyinmu. Ka buɗe Facebook ko TikTok, sai ga tallar gwajin minti goma da zai faɗa maka ko kai haziƙi ne. Da abin ya tsaya a wasan waya, da ba mu tanka ba. To amma ya fara shiga shawarar da ake yankewa a kan yara, kuma ta hannunmu yake shiga, mu ƴan birni.

Ga yadda abin ke tafiya a wuri irin Rumbu, can cikin gundumar Dakoro, ƙasar manoma da makiyaya. Mushe ya lura da yaro a CP ko CE1 wanda ya gama littafin shekara tun kafin a gama sussukar gero, ko yarinyar da ke yi wa uwarta lissafin kuɗin awara da ka, ba ta kuskure. Ya kira uban ya ce masa, Malam, wannan yaron ya fi ƙarfin ajinsa. Uban ya ji daɗi, ya kuma ji tsoro, don a wajenmu yaron da ya cika kaifi ana yi masa gudun baki. Daga nan sai ya bugo wa ƙanensa ko babban ɗansa da ke Maraɗi ko Yamai, ya ce me za a yi? Mu kuma amsar da ta fi saurin zuwa bakinmu yanzu ita ce a kawo shi a gwada ƙwaƙwalwarsa. Kafin a sayar da akuya a biya kuɗin mota da na mai gwaji, ya kamata wanda aka bugo wa ya san abin da lambar nan ke nufi.

Asalin gwajin daga Paris yake. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara shi don a gano yaran da karatu ke yi wa wuya, a ba su taimako na daban. Neman haziƙai bai cikin lissafinsu, kuma Binet kansa ya ƙi yarda cewa basira abu ce tsayayya da ba ta ƙaruwa. A 1912 Bajamushe William Stern ya kawo dabarar raba shekarun fahimtar yaro da shekarun haihuwarsa, a 1916 kuma Lewis Terman na jami'ar Stanford a Amurka ya yaɗa ta da sunan da muka sani yau. Gwajin da masana halayyar ɗan Adam suka fi yi wa yara yanzu shi ne WISC, na David Wechsler, wanda ya fara fitowa a 1949. Ana yi wa ɗan shekara 6 zuwa 16, ido da ido, mutum ɗaya da yaro ɗaya, kuma yana cin fiye da awa guda.

Ita lambar fa matsayi ce a cikin layi. An tara ɗaruruwan yara sa'o'in juna aka yi musu gwajin, aka ce na tsakiya shi ne 100. Kusan biyu cikin uku suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Daga 130 zuwa sama, wajen yara biyu ne cikin ɗari, su ne Faransawa ke kira HPI. Ke nan idan an ce ɗanka ya ci 120, abin da aka faɗa maka shi ne inda ya tsaya tsakanin waɗancan yaran da aka tara. Tambayar da ya kamata ta biyo baya nan take ita ce, su wane ne yaran? WISC na Faransanci, bugu na biyar da ya fito a 2016, a kan yaran Faransa aka daidaita shi. Yara ne da suka tashi da Faransanci a bakin uwa, suka shiga makaranta tun suna shekara uku, suka saba da littafin hoto da wasan haɗa gutsattsarin hoto tun suna rarrafe. A cikin layinsu za a tsayar da yaron Rumbu, wanda ya fara jin Faransanci ranar da ya shiga CI, wanda a gida Hausa yake ji ko Fillanci ko Buzanci. Kowa ya san abin da ke faruwa a kasuwa in mai saye ya zo da tiyarsa, mai sayarwa kuma bai san girmanta ba.

Wani zai ce ai akwai sassan da ba ruwansu da harshe, irin na zane da jera ƴan dunƙulen katako masu launi. Akwai. Amma ku ji abin da Robert Serpell ya gano ya wallafa a 1979. Ya sa yaran Zambiya da yaran Ingila su kwaikwayi siffofi iri ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Da aka ba su waya su lanƙwasa, ƴan Zambiya suka fi. Da aka ba su fensir da takarda, ƴan Ingila suka fi. Da aka ba su laka, suka yi kunnen doki. Basirar gane siffa ɗaya ce, abin da hannu ya saba da shi ne ya raba su. Duk wanda ya ga yaran ƙauyukanmu suna ƙera mota da kara da waya, har da sitiyari mai juya taya, ya san a wane ɓangare za su faɗa. Haka John Gay da Michael Cole suka samu a Laberiya cikin shekarun 1960: manoman Kpelle sun fi Amurkawa masu ilimi iya ƙiyasta yawan shinkafar da ke cikin kwano. Gwajin yana kuma auna sauri, da agogo a hannun mai gwaji. Yaron da aka yi wa tarbiyyar kada ya yi wa babba gaggawar amsa, kada ya kalle shi ido cikin ido, ya riga ya zubar da maki tun kafin a fara.

Akwai wani abu namu na gida da littattafan Turai ba su damu da shi ba, wato takardar haihuwa. Dukan lissafin ya rataya ne a kan shekarun yaro, har da watanni. Yara da yawa a karkara ba a yi musu rajista lokacin haihuwa ba, sai da lakwal ta nema aka je aka yi jugement supplétif, aka ƙiyasta shekara. Wasu ma da gangan ake rage musu, don kada su wuce shekarun konkur. Mu ɗauki tsohon lissafin Stern don ya fi sauƙin gani. Yaro ya warware abin da ƴan shekara 10 ke warwarewa. In takarda ta ce shekararsa 8, ya ci 125. In a gaskiya shekararsa 9, ya ci 111. Yaro ɗaya, amsa ɗaya, bambancin maki 14 daga alƙalamin wanda ya cike takarda. Gwajin zamani ya bar wannan rabe-raben, amma har yanzu da sa'o'insa na ƴan watanni yake gwama yaro, don haka ramin yana nan.

Sannan makaranta kanta tana ɗaga lambar. Wani babban nazari da Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka fitar a 2018 ya nuna kowace ƙarin shekara ɗaya ta karatu tana ƙara maki tsakanin 1 zuwa 5. To wace shekarar karatu yaron karkara yake samu? Ajin rumfar zana ba ya buɗewa sai an kawar da amfanin gona an samu karan yinsa, damina na fara faɗuwa kuma an tashi. Binciken PASEC na 2014 ya samu fiye da tara cikin goma na ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin karatun da ake buƙata ba. An ɗan samu ci gaba a na 2019, amma yawancinsu suna ƙasa har wa yau. Ƙara da zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da zuwa aji ba karin kumallo. Saboda haka ƙaramar lamba daga yaron Rumbu ba ta tabbatar da komai a kansa. Babbar lamba kuwa, in ya same ta duk da wannan, a ɗauke ta da muhimmanci ƙwarai.

Abin da ke ba mu takaici shi ne harshenmu ya fi lambar nan zurfi, mu ne muke raina shi. Bahaushe ya raba wayo da hankali, ya raba hazaƙa da hikima, ya san fahimi, ya san azanci, ya san wanda ke da kai amma ba shi da natsuwa. Uwa ta san ɗan da za ta aika kasuwar mako da jika biyar ya dawo da canji daidai. Malamin allo ya san almajirin da ake biya wa sau ɗaya ya riƙe. Makiyayi ya san yaron da ke gane dabba ba ta da lafiya tun daga tafiyarta. Wannan duk shaida ce da aka tara cikin shekaru, kuma mai gwaji na ƙwarai zai fara da tambayar iyaye da mushe kafin ya buɗe jakarsa. Wanda bai tambaya ba, ku yi shakkarsa.

Ba muna cewa gwajin banza ne ba. A hannun ƙwararre yana da amfani, musamman ga yaron da ya rikita kowa: baki kamar lauya amma rubutu ya gagare shi, ko wanda ake duka kullum wai ba ya jin magana alhali gundura ce ke damunsa, don ya gane darasin tun minti biyar na farko. WISC yana fitar da maki biyar daban-daban, na fahimtar magana, na gane siffofi, na warware sabuwar matsala, na riƙe abu a ka ana aiki da shi, da na sauri. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ta fi jimillar faɗin gaskiya a kan yaro. In har za ku kai ƙanenku, ku tambayi sunan gwajin, da ƙasar da aka daidaita shi, da harshen da za a yi shi, ku kuma nemi rahoto a rubuce wanda ya faɗi abin da mushe zai canza a aji ranar Litinin. Ku lura kuma, rahoton kirki yana ba da tazara ne, daga kaza zuwa kaza, don yaro ɗaya kan iya samun maki daban in an sake gwada shi wata rana. Na waya kuwa, wanda ke neman kuɗi kafin ya nuna sakamako, kasuwanci ne kawai, ku wuce.

Ko a inda gwajin ya dace da yaran, bai iya duba ba. Terman ya fara bin yara haziƙai wajen 1,500 a Kalifoniya daga 1921, aka bi su har tsufa. Da yawa sun yi nasara a rayuwa, amma babu ɗaya da ya ci kyautar Nobel. Yara biyu da aka gwada aka bari a waje, William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka ci ta a fannin kimiyyar fiziya, a 1956 da 1968.

Mu dawo gida. A ce an yi gwajin, yarinya ta ci 135. Sai me? Ba makarantar gwamnati da za ta buɗe mata ƙofa da wannan takarda. Ƙofofin da ke akwai, irin Lycée d'Excellence da Prytanée Militaire, da konkur ake shigarsu, da Faransanci, kuma sai wanda ya ji sanarwa a kan lokaci, yana da takardun da suka cika, yana da wanda zai sauka wurinsa a birni. Ɗan ma'aikaci a Yamai ya san ranar tun wata uku kafin ta zo. Ɗan Rumbu sau da yawa sai an rufe yake ji. Maƙwabtanmu sun ɗan gwada wata hanya: Kano ta buɗe makarantun kimiyya na kwana a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, kuma sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, cikinsu har da ƴaƴan talakawa. Jigawa ta gina makarantar masu hazaƙa a Bamaina. Suna da nasu matsalolin, amma tunanin da ke ƙarƙashi daidai ne: hukuma ce ke fita neman yaron, ta ɗauki cinsa da kwanansa. Ga ƴa mace lamarin ya fi gaggawa, a ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ke aure kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma tana cikin na gaba. Yarinyar da ƙauyensu ba kwaleji, hazaƙarta kan tsaya ne a CM2.

A watan Maris na 2025 kundin Charte de la Refondation ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Tun 1973 kuma Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida a Damagaram. In da gaske ake, ga aikin da ke jiran jami'ar Abdou Moumouni da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi: ma'aunin fahimtar yara da aka gina da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci, aka daidaita a kan yaran Nijar na birni da na ƙauye. Ma'aikatar ilimi kuma ta sa kowane sufeto ya tattara sunayen yaran da mushe-mushe suka ce sun zarce, ta kai sanarwar konkur har gidan rediyon karkara, ta ware gurabe da kuɗin tallafi ga ƴan ƙananan hukumomi irin Rumbu.

Kafin nan, wanda aka bugo wa waya yana da abin yi da bai kai kuɗin akuya ba. Ya bincika ko takardar haihuwar yaron tana nan kuma daidai take. Ya roƙi darakta a gwada shi da aikin ajin gaba na ƴan makonni, in ya ɗauka a duba batun tsallake aji, tare da shawarar iyaye da ƴan COGES. Ya aika littattafai a motar ranar kasuwa, na Hausa da na Faransanci, har da tsoffin takardun konkur da ake samu wajen masu sayar da littafi a bakin titi. Ya riƙe lambar mushe, ya rubuta ranar da ake buɗe rajistar konkur, ya kuma fara yi wa gidan da yaron zai sauka a Dakoro ko Maraɗi magana tun yana CM1.