Bashin Bankin Duniya Da Zancen Auren Jinsi

A watan Mayun 2023 Shugaba Museveni na Yuganda ya sa hannu kan doka mai tsanani a kan masu neman jinsinsu, har da hukuncin kisa a wasu laifuffuka. A watan Agusta sai Bankin Duniya ya dakatar da ba ƙasar sabon rance, wai dokar ta saɓa wa aƙidarsa. A Yunin 2025 ya sake buɗe mata ƙofa, alhali dokar tana nan.

To, mu a Lakwaya mun san wannan banki tun kafin yau. Da shawararsa da ta Asusun Ba Da Lamuni aka kawo shirin SAP a 1986, zamanin Janar Babangida. Aka karya darajar naira, aka ce a bar kasuwa ta yi halinta. Iyayenmu suna ba da labarin yadda taki ya fi ƙarfin mai gonar dawa. A 2023 aka cire tallafin man fetur, aka sake sakin naira, bankin ya yaba. Kuɗin mota zuwa Gwarzo ya tashi, mudun masara ya tashi, baikon ranar Lahadi ya ragu. Ba mu ji an dakatar da komai domin gwauruwar da ta kwana da yunwa ba. Ashe ita ba ta da haƙƙi?

Manyan bankunan Amurka ma haka. Shugaban Goldman Sachs ya fito fili ya goyi bayan auren jinsi a 2012. Da Trump ya dawo mulki a 2025, bankuna da dama suka janye wasu alkawuransu na daidaito tsakanin ma'aikata. Lamirin da ke bin iskar kasuwa, rawar 'yan mata yake yi. Kuma in an hana ƙasa rance, minista ba ya rasa magani. Asibitin ƙauye ne ke rasawa.

Koyarwar ikilisiyarmu kan aure ba ta sake ba: mace da namiji, yadda Farawa 2 ta nuna. Babu bankin da zai saye ta. Amma ga inda wasunmu ke tuntuɓe. A Janairun 2014, watan da Shugaba Jonathan ya sa hannu kan dokar ɗaurin shekara 14, taron jama'a suka jefi wata kotu a Bauchi suna neman a yanke wa waɗanda ake tuhuma hukuncin kisa. Kirista da iyayensa suka ga tarzomar Kano ta Oktoban 1991 ya san yadda zargi kaɗai ke kashe mutum. Wanda ake nunawa da yatsa, shi ma cikin siffar Allah aka halicce shi, kuma Yohanna 8 ta gaya mana abin da Yesu ya yi da masu duwatsu a hannu.

Don haka muna roƙon fastoci da dattawa: in aka kawo ƙarar wani yaro a ikilisiya, a zauna da shi da iyayensa a ɗaki. Kada a kira sunansa a bagade, kada kuma a bar samari su kai maganar kasuwa.