Taura Biyu a Ƙarshen Mako: Yawon Birni da Kallon Gasar Golf

A ƙasashen Turai an saba mutum ya ware Asabar da Lahadi ya yi bulaguro, ya haɗa yawon buɗe ido a wani birni da kallon gasar ƙwararrun 'yan wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Masu tsananin son wasan kan ce taura biyu ba ta taunuwa, don haka gara a bar birnin a tare a fili kwana biyu cur. Wannan ra'ayi yana da rauni, kuma gasar Open ta shekarar 2022 a garin St Andrews na ƙasar Sikotilan ta isa misali.

Ita dai wannan gasa, wadda aka fara a 1860, kwana huɗu ake yi ana buga ta, daga Alhamis zuwa Lahadi. Bayan kwana biyu akan tankaɗe 'yan wasa, sai waɗanda suka tsira su ci gaba. Ranar Lahadi ake yin ta ta ƙare. A 2022 Rory McIlroy da Viktor Hovland ne suka kwana a gaba ranar Asabar, da ratar bugu huɗu, amma washegari Cameron Smith ɗan Ostareliya ya zagaye ramuka 18 da bugu 64 kacal, ya ɗauke kofin. Ke nan wanda ya zo Lahadi kaɗai bai yi asarar wani abin kirki ba.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba. Golf wasa ne da ya fi daɗin kallo a talabijin. Tsohon filin St Andrews siriri ne, 'yan kallo a gefe ake tsare su, kuma mutum kusan 290,000 ne suka halarta a makon. Mutum zai yi sa'o'i a tsaye cikin iskar teku, an hana shi ko tari idan ɗan wasa zai yi bugu, abin da zai gani kuwa bai wuce rami ɗaya ko biyu ba. Yini guda na irin wannan ya wadatar. Na biyun, in ba ga wanda wasan ya shiga jininsa ba, wahala ce da aka saya da tsada.

Ranar Asabar kuwa, in aka ba birnin Edinbura ita, ita ce za ta sa a fahimci abin da za a gani ranar Lahadi. Majalisar ƙasar ce, a zamanin Sarki James na Biyu, ta haramta golf a 1457, saboda ya ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. Wanda ya hau ganuwar fadar Edinbura, ya ga yadda aka girke ta a kan dutse don tsoron mahara, ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin dalilin wannan doka. A unguwar Leith ta birnin kuma aka rubuta ƙa'idojin wasan na farko, guda 13, a 1744. Daga nan jirgin ƙasa zai ɗauki matafiyi ya haye gadar Forth, wadda aka buɗe a 1890, ya sauke shi a Leuchars cikin kimanin awa guda, domin St Andrews ba ta da tashar jirgi. Sauran tafiyar a bas ake ƙarasa ta.

Shi kansa garin St Andrews ai ya girmi shaharar wasan. Jami'arsa tun 1413 take, ga kangon babbar majami'arsa a bakin teku, duk tafiyar ƙafa ce daga ramin ƙarshe. Da yake a watan Yuli rana kan kai kusan ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba a can, ana iya zaga su bayan an miƙa kofi.

Inda masu wancan ra'ayi suke da gaskiya shi ne batun tikiti. A 2022 ƙuri'a aka jefa, bayan an nemi tikiti sama da miliyan 1.3, saboda haka ba kowa ke samun ranar da yake so ba. Wanda Asabar ta faɗo masa sai ya juya tsarin, ya bar yawon birni zuwa Lahadi. Gasar za ta koma St Andrews a 2027.