Baƙo Da Mai Masauki A Cikin Kwamfuta Guda

Zuwa ga Edita,

Na gode da ɗan filin nan da ka saba ba ni, ina kuma roƙon masu karatu su yi mini haƙuri, don zancen wannan mako ya fi shafar ma'aikatan ofis da malaman makaranta.

Makon jiya takarda ta zo mini daga wani malami na ƙasar Katsina. Ya ce ya kafa VirtualBox a kwamfutarsa, ya zuba Ubuntu a ciki don ya koya wa yara, sai abin ya fito ɗan mitsitsi a tsakiyar allo kamar kan sarki a jikin ambulan, baƙi ya kewaye shi ta ko'ina. Har wani mai gyara ya ce masa gilashin ne ya mutu, ya kawo kuɗi a sake masa wani. Malam, kada ka ba shi ko anini. Gilashinka lafiya lau ya ke, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ga waɗanda ba su san abin ba, VirtualBox manhaja ce da ke ba mutum dama ya ajiye wata kwamfuta ta kwaikwayo a cikin tasa ta gaske. Wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ya fara fito da ita ga jama'a a 2007, kamfanin Sun ya saye shi a 2008, sa'an nan Oracle ya saye Sun a 2010. Masu wannan sana'a suna kiran kwamfutar gaske mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa, kuma ban taɓa jin sunan da ya dace da mai shi kamar wannan ba.

To, hoton da ke allo ɗigo-ɗigo ne aka jera, kaza a kwance kaza a tsaye. Allon gaske, da an jona shi, shi da kansa ya kan shaida wa kwamfuta yawan ɗigon da ya ke ɗauka. Ita kuwa baƙuwa ba ta da allon kanta, taga kawai aka buɗe mata a gidan mai masauki, ba ta san faɗinta ba, ba ta kuma jin harshen gidan balle ta tambaya. Sabo da haka sai ta yi irin ta baƙo mai kunya, ta takure, ta zaɓi awon da ko wane allo ke iya ɗauka, watau ɗigo 800 a kwance da 600 a tsaye, ko 1024 da 768. Ku auna ku gani: 800 sau 600 ɗigo 480,000 ke nan, alhali allo mai 1920 da 1080 yana da 2,073,600. Ko rubu'i ba ta cika ba.

Ni ma abin nan ya taɓa cina, har ya kusa jawo mini abin kunya. A ofishinmu akwai wata tsohuwar manhajar lissafin albashi da ba ta yarda da kome sai Windows 7, shi kuwa Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020. Da aka kawo sababbin kwamfutoci sai aka zuba tsohon a cikin VirtualBox, aka ce Akawu ga aikinka. Ran 28 ga wata na zauna zan shigar da albashin leburori, sai na ga rabin jadawalin ya ɓuya, maɓallin ajiya da ke ƙasa ma ya nutse ba a ganinsa. Ina cikin lalube na danna Ctrl na hannun dama tare da harafin C, sai ga hoto ya cika taga fal. Na ce alhamdu lillahi, na gyara! Ashe gyaran gangar Auzinawa na yi. Wannan dabara ba ta ƙara ko ɗigo ɗaya, jan hoton kurum ta ke yi kamar yadda dukawa ke jan fata, sai baƙaƙe su kumbura su yi dishi-dishi. Da la'asar ido ya gaji, na karanta 8 a matsayin 3, na rubuta wa wani dattijo mai gadi Naira 33,000 maimakon 38,000. Allah ya sa babban akawu ya bi lissafin da takarda kafin a kai banki. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ce, "Malam, kai dubu biyar kuskuren alƙalami ne a wurinka, shi kuwa hatsin gidansa ne." Na fi mako ina jin nauyin haɗa ido da dattijon nan, shi kuwa bai ma san an yi ba.

Af, wanda ya faɗa wannan hali zai ga jerin umarnin da ke saman taga ya ɓace. Kada ya firgita, ya sake danna maɓallan nan biyu, sai ya dawo.

Maganin gaske shi ne a ba baƙuwa tafinta. Sunansa Guest Additions, kyauta ne, yana zuwa tare da VirtualBox kamar faifai. A cikin baƙuwa a ke kafa shi, ba a cikin mai masauki ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata. Ka kunna baƙuwa, ka duba jerin umarnin saman taga wajen sashen na'urori, can ƙasa za ka ga inda a ke saka faifan. In Windows ce, ka buɗe faifan ka danna VBoxWindowsAdditions, ka bi abin da ya ce, ka kashe ka sake kunnawa. Daga nan duk sa'ad da ka ja gefen taga, tafinta ya gaya wa baƙuwa sabon awo, ita kuwa ta miƙe ƙafa daidai wurin. In kana son ta cika allo duka, Ctrl na dama da harafin F.

Amma kai Malam, da ya ke Ubuntu gare ka, akwai sauran aiki. A Linux ba a kawo tafintan a ɗinke, yadi a ke kawowa a ɗinka shi daidai jikin kanel, watau zuciyar manhajar. Sai ka fara tanadar kayan ɗinkin, su ne gcc da make da perl, da kuma linux-headers na kanel ɗin da ka ke kai, sa'an nan ka sa VBoxLinuxAdditions.run ya yi aikinsa da izinin mai gida, watau sudo. Ka karanta abin da ya rubuta a ƙarshe da natsuwa. Sau da yawa ya kan faɗi ƙarara cewa ɗinkin bai yiwu ba, mutum bai duba ba ya rufe, ya zo yana cewa ya kafa amma ba ta yi ba. Haka kuma in wata rana ka sabunta Ubuntu, da safe ka tarar allo ya koma gidan jiya, to kanel ne ya sake, riga ta yi kaɗan, sai a sake ɗinki. In VirtualBox ɗin ka sabunta, shi ma tafintan ka sabunta shi, lambarsu ta zo ɗaya.

In an yi wannan duka abin bai saitu ba, sai a kashe baƙuwa ɗungum, ba a sa ta barci ba, don ba a taɓa saitinta tana kwance da aiki a ciki. A shiga sashen allo a duba irin katin hoton da aka ba ta. Tun fitowar VirtualBox 6.0 a Disambar 2018 iri uku ne: VMSVGA na Linux, VBoxSVGA na Windows 7 da na bayansa, VBoxVGA kuwa na tsofaffi ne. Wanda ya ɗauko baƙuwa daga wata tsohuwar kwamfuta, sau da yawa da tsohon kati ta ke zuwa.

A nan ne kuma za a ga ma'aunin ƙwaƙwalwar hoto, wanda kowa ke cewa a ja shi zuwa megabait 128. Ba na hana kowa, ba ya cutarwa, amma ni ban ga ya warkar da wannan ciwo ba sai nadiran. Ko wane ɗigo bait 4 ya ke ci, ɗigo 2,073,600 sau 4 bai wuce megabait 8 da 'yan kai ba. Wanda ke da 16 ko 32, allo ɗaya gare shi, ba yunwar ƙwaƙwalwa ke damunsa ba, rashin tafinta ne. Mai allo biyu ko uku, ko mai aikin zane mai nauyi, shi ya kamata ya ƙara.

Masu aiki da VMware su ma labarin ɗaya ne, sunan tafintan ne ya bambanta, VMware Tools, a Linux kuwa open-vm-tools.

Abu guda na ke roƙon 'yan'uwana akawuna. Kafin ku taɓa kome, ku sa VirtualBox ya ɗauki hoton halin da baƙuwa ke ciki, akwai wurin yin haka, minti ɗaya ya isa, in gyara ya ɓaci sai a koma inda aka taso. Kada kuma a bari sai ran biyan albashi, leburori na zaune a gindin bishiya suna jira. Ni nawa ran Asabar na yi shi bayan an tashi, ban kai rabin sa'a ba jadawalin ya fito duka har da maɓallin ajiya.

Malam, in ka gwada ka rubuto mini ta hannun Edita, ka kwafo layukan ƙarshe da abin ya rubuta ma ka harafi da harafi, ka faɗi lambar VirtualBox da ta Ubuntu, in duba.

Wasalam.

Naku,
Akawun Albashi