RA'AYINMU: Ɗakin Baƙo, Daga Shehuri Zuwa Ikko

A ranar 10 ga watan Satumba 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa ya shiga gari har fadar Mai Martaba Shehun Barno. Unguwar Shehuri, wadda ke kewaye da fadar, tana cikin unguwannin da ruwan ya mamaye, haka kuma Gwange da Gamboru da kewayen Kasuwar Litinin. Shekara talatin ke nan cif bayan ambaliyar 1994, wadda ita ma daga Alau ta taso. An ba da labarin rayukan da suka salwanta da dukiyar da ta lalace, an kuma yi juyayi yadda ya kamata. Amma akwai wata hasara da ba a cika ambata ba, watau tsofaffin gidajen ƙasa na cikin gari da suka zube. A irin waɗannan gidaje ne baƙo mai ƙaramin ƙarfi yake samun ɗaki guda da zai iya biya, kusa da kasuwa, kusa da wurin aiki.

Mun sani mafi yawan masu karanta wannan shafi suna zaune ne a Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal da Anacha, wataƙila wani ya ce ina ruwansa da ɗakunan Shehuri, shi da ke fama da nasa mai gidan a Agege. To, ruwansa da su babba ne. Da yawa daga cikinku 'yan Barno ne, ko masu iyali a can. Ban da wannan kuma, ciwon da ke damun malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Maiduguri shi ne ke damun yaron da ya sauka a Mil 12 da jakarsa a kafaɗa: an ce da shi ya biya kuɗin ɗaki na shekara guda tun bai karɓi ladan aikin wata ɗaya ba.

Da ba haka al'amarin yake ba, kuma Shehuri kanta shaida ce. Cikin 1907 aka kafa Yerwa, Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinta, aka yanka unguwanni kewaye da fada. Sunayen unguwannin nan kaɗai sun isa su gaya wa mutum yadda aka ɗauki baƙo. Shehuri wurin Shehu ke nan, Hausari wurin Hausawa, Fezzan kuwa ta ci sunan ƙasar da fataken hamada suka fito. Kowane iri na baƙi an san inda zai dosa, an san wanda zai karɓe shi. Kalmar nan fatoma da 'yan kasuwar shanu ke amfani da ita, daga Barebari muka aro ta, gama a harshensu fato shi ne gida, fatoma kuwa mai gida. Da iyayenmu suka gangara Kurmi da shanu suka komo da goro, wannan tsari suka tafi da shi. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa cikin 1916, a kan masu gida ta tsaya: baƙo ya sauka a zaure, a ba shi tabarma da abinci, mai gida ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi, sai bayan ciniki ya faɗa sa'an nan a fitar da la'ada.

Kada a ɗauka sadaka masu gidan nan suke yi. Suna cin riba, wasunsu ma da haka suka yi arziki suka tafi Makka. Hikimar tsarin ita ce baƙo ba ya biya sai ya samu, abin da yake ajiyewa jingina kuwa shi ne mutuncinsa da sunan wanda ya aiko shi. Wannan shi ne abin da ya ɓace mana, kuma shi ne ya kamata a nemo.

Yadda ya ɓace a Maiduguri ba ɓoyayye ba ne. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas cikin 1967, aka buɗe jami'a cikin 1975, ma'aikatan albashi suka yi ta kwarara, su kuwa ba su da kayan sayarwa da fatoma zai ci la'ada a kai, sai haya. Duk da haka gari ya ɗauke su. Babban nauyi ya zo ne bayan 2009, sa'ad da fitinar Boko Haram ta kori mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Baga da sauran garuruwa zuwa cikin birni. Abin da ya kamata tarihi ya riƙe shi ne, mafi yawan waɗannan bayin Allah ba a sansani suka zauna ba, a gidajen 'yan'uwa da na mutanen da ba su taɓa sani ba suka raɓa. Ɗakin da dā ake ajiye wa baƙo ya cika da iyali guda. Sa'an nan ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka shigo da ma'aikatansu, masu iya biyan kuɗin gida mai tsada a dunƙule, masu gidaje suka ɗanɗana, farashin manyan gidaje ya tashi ya ja na ƙanana. Gwamnatin jiha ta rufe sansanonin da ke cikin birni daga 2021, wasu suka koma garuruwansu, wasu suka shiga neman haya. Kasuwar Litinin ta ƙone cikin Fabrairu 2023, ruwa ya biyo baya cikin 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara yawan masu neman ɗaki ko ya rage yawan ɗakunan.

A nan Kudu kuwa ba sai mun ba ku labari ba. A nemi kuɗin shekara, wani wuri ma shekara biyu, a ɗora kashi goma cikin ɗari na dillali, a ɗora wani kashi goma na takardar yarjejeniya, a ce kuma a ajiye wani abu saboda ɓarna. A ƙaddara ɗaki naira 20,000 ne a wata. Na shekara ya kama 240,000, da na dillali da na takarda ya zama 288,000. Mafi ƙarancin albashin da aka zartar cikin Yuli 2024 naira 70,000 ne. Watau sai mutum ya tara albashin wata huɗu har da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba, kafin a miƙa masa mabuɗin ɗakin da a wata-wata bai fi ƙarfinsa ba. Saboda haka ne ake ganin samarinmu, 'yan dako da 'yan acaɓa da masu gadi, suna kwana a rumfunan kasuwa da harabar masallaci da ƙarƙashin gada. Mai kwana a irin waɗannan wurare shi ake fara kamewa duk ranar da hukuma ta fito sintiri, shi ake fara zargi duk ranar da aka yi sata a unguwa, ko da kuwa ya fi kowa amana.

Ba a rasa dokoki ba. Tun zamanin soja, cikin 1976, Jihar Ikko ta kafa dokar ƙayyade kuɗin haya. Cikin 2011 ta sake kafa wata wadda ta haramta karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga hannun sabon ɗan haya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku, ko da yake an keɓe Ikoyi da Apapa da wasu unguwannin manya. Amma wanda mutum goma ke bayansa suna jiran ɗakin nan guda, ina zai sami bakin kai ƙara? Gidajen gwamnati ma an gina. Gwamnatin Shagari ta shirya gina gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara, Gwamna Jakande ya gina rukunoni a Amuwo-Odofin da Ipaja da Isolo tsakanin 1979 da 1983, Maiduguri kuma tana da rukunonin 202 da 303 da 777 da 1000. Cikin 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa wanda ake yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci dominsa. Ba mu raina ko ɗaya ba. Sai dai dukkansu an yi su ne domin wanda ya riga ya zauna da gindinsa, yana da takardar albashi, yana son mallakar gida. Baƙon da ya iso jiya ɗaki guda yake nema na wata shida. Galibin rukunonin nan kuma a bayan gari suke, tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023 kuwa, abin da mutum ya rage a kuɗin haya kuɗin mota ke cinyewa.

Bisa ga haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Barno da ta dubi tsofaffin unguwanni da idon rahama. Cikin 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira miliyan dubu 80 domin gyaran madatsar Alau, abin kuwa ya dace. To, a kuma taimaki mai gidan Shehuri da na Gwange da bashin siminti da kwano mai sauƙin biya, ya ta da ɗakunan hayarsa a kan harsashi mai tudu, bisa sharaɗin zai karɓi haya wata-wata har ya gama biyan bashin. Bulama da Lawan sun san kowane gida da mai shi, su ne za su riƙe littafin. Idan aka bar su haka, masu kuɗi za su saye filayen su gina shaguna da benaye, talaka a tura shi bakin gari. Wakilan jam'iyyarmu a majalisun jihohi, Arewa da Kudu, su ma muna tuna musu cewa sha'anin haya a hannun jihohi yake, babu abin da zai hana su kawo shirin dokar da za ta ƙayyade la'adar dillali ta kuma buɗe ƙofar biyan wata-wata.

Amma magana mafi nauyi tamu ce, mu mazauna Kurmi. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwar shanu da albasa da kifi da tumatir suna karɓar kuɗin ƙungiya kowace rana ta Allah. Me zai hana a ware wani kashi a sayi gida, a mai da shi masaukin baƙi, inda sabon zuwa zai zauna wata uku a rubuta sunansa da garinsu da wanda ya san shi? Me zai hana ƙungiya ta tsaya wa ɗanta a wurin mai gida, ta biya na shekara, shi kuma ya riƙa biyanta da kaɗan-kaɗan? Wannan aikin fatoma ne, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sharaɗi guda kawai, a sayi wurin da ke da takardun gwamnati cikakku. Waɗanda suka ga yadda aka rushe Maroko cikin Yuli 1990, aka bar dubban ɗaruruwan mutane a fili cikin damina, sun san abin da muke nufi.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa, mu kuwa za mu faɗa. Daga cikin masu kuka da masu gidajen Ikko akwai waɗanda Allah ya buɗa wa, suka aika kuɗi gida suka gina ɗakunan haya a Bolori da Bulumkutu da Gwange, ko a Kano da Sakkwato da Katsina. Idan aka bincika, wakilansu a can ba sa ba da mabuɗi sai an dire kuɗin shekara, wasu ma sun ƙara farashi bayan ambaliya saboda sun ga mutane a matse. Alhaji da ya kwana wata biyar a zauren wani a Sabo kafin ya sami abin kama ɗaki, yau shi ke korar ma'aikaciyar jinya da aka turo Maiduguri don ba ta da kuɗin wata goma sha biyu a hannu. Wannan gyaran ba ya jiran majalisa ko gwamna. Duk mai ɗakin haya a gida ya aika wa wakilinsa cewa sabon zuwa mai takardar aiki, ko wanda Bulama ya tsaya masa, a karɓi na wata guda a ba shi mabuɗi, sauran ya riƙa biya idan wata ya mutu.